Wanda ba a yanke wa hukunci ba, wane hali za a gyara masa?

A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali. Amma duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwansa abinci Kurmawa, gidan yarin da aka gina tun 1910 a kusa da gidan Sarkin Kano, ko Goron Dutse, ya san mafi yawan mutanen da ke ciki alƙali bai ce sun yi laifi ba tukuna. Jiran shari'a suke.

Shari'ar laifi duwatsun murhu ce: ɗan sanda ya kama, kotu ta yanke, gandiroba ya tsare. Gandiroba ba shi da ikon sakin kowa, wanda kotu ta aiko masa shi zai karɓa. Saboda haka cunkoson da muke kuka da shi daga waje yake farawa. A kama yaro da zargin fashi da makami, a kai shi gaban majistare wanda ba shi da hurumin sauraron irin wannan ƙara, a ce a ajiye shi har sai shawarar ma'aikatar shari'a ta fito. Fayil ya kwanta, damina ta zo ta wuce, uwarsa ta sayar da 'yan kayan ɗakinta wajen neman lauya. Wani kuwa an ba shi beli, mai tsaya masa ne babu. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin a ɗaki guda yake kwana da riƙaƙƙun ɓarayi, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Dokar 2019 ta buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki kyauta. Wanda ya saci waya a Kantin Kwari ya share titi ya biya mai ita, ya fi mana amfani a kan a ciyar da shi wata shida yana zaune.

Tun 2023 kuma, gyaran tsarin mulki ya bai wa jihohi damar kafa nasu gidajen, don haka Kano ba za ta ce aikin Abuja ne kaɗai ba. Biyan tarar fursunoni da sallah alheri ne, Allah Ya saka, sai dai mai jiran shari'a ba tara ake bin sa ba. Shi ranar shiga kotu yake nema. A sa wa ma'aikatar shari'a wa'adin fitar da shawara, alƙalai kuma su riƙa shiga Kurmawa duk wata suna kiran suna ɗaya bayan ɗaya.