Sirdin gado

Alhaji na tsaye a ƙofar barga. Sau biyu yaro yana kawo masa kujera yana cewa a mayar.

Alhaji: Likita, ba dogon bincike na kira ka ba. Baki ne ya kama dokin nan. Yi masa allura ka kama gabanka.

Likita: In baki ne, ranka ya daɗe, allurar me zan yi?

Alhaji: Ta baki mana! To me aka koya muku?

Likita bai tanka ba, ya shafa gadon bayan Akawal. Ƙululu 3 ne a jere daidai mazaunin sirdi, kowanne kamar maɓallin riga. Ya danna, doki ko kunne bai kaɗa ba.

Likita: Ka gani? Ga tauri, ga gashi a kai, ba zafi ba ƙaiƙayi. Da maruru ne da tuni ya harbe ni. Da borin jini ne da taushi za ka ji, yatsa ya lotsa, kwana ɗaya ko biyu ya baje. Irin wannan yakan biyo bayan cizon ƙwari, sauro ko bobuwa, sai sirdi ya zo ya yi ta dannawa.

Alhaji: Dakata. Ƙwari na yarda, dama ba su da mutunci. Amma cire sirdi daga maganarka. Sirdin mahaifina ne. Dawaki 4 ya binne, ko ɗaya bai taɓa kawo ƙara ba.

Yaro: Ai shi ya sa suka...

Alhaji: Da kai ake?

Aka ɗora sirdin ba zubuka. Likita ya nemi cusa yatsu tsakanin gaban sirdi da doron doki, ko farce ya ƙi shiga.

Likita: Yatsu 2 zuwa 3 ya kamata su wuce nan. Abin da aka cusa a ciki ya mutu, itace ne zaune a kan ƙashi.

Alhaji: Yatsunka ne masu kauri.

Likita: Wannan farin gashin fa, a bayan baƙin doki? Matsi ne ya kashe launin wurin.

Alhaji: Furfura ce. Dokin yana da tunani.

(Shekarar dokin 5. Mai shi ne ya kamata ya yi furfurar, shi kuma rini yake yi.)

Likita: Kai yaro, in an sauke sirdi bayan kilisa, ya bayan yake?

Yaro: Ko'ina jiƙe da gumi, sai wuri biyu a hagu, a bushe ƙamas.

Likita: Nan nauyi ke taruwa. Mahayin yana karkata hagu ke nan.

Alhaji: Ba karkata ba ce, zaman ƙasaita ne. Ta dama ake ɗaukata hoto.

Likita ya ɗaga zubuka. Da ya sake ta, tsayawa ta yi da kanta kamar allo.

Likita: Yaushe rabon da a wanke wannan?

Yaro: Maigida ya hana. Ya ce gumin marigayi na ciki.

Alhaji: Albarka ce!

Likita: Gishirin gumi ne da ƙasa, Alhaji. Su ke goge fata, su toshe ramin gashi, ƙuraje masu zafi su biyo baya. A wanke ta, ta bushe sarai. A goge bayan doki kafin a ɗaura sirdi, a wanke gumi in an sauke. A kori ƙwari daga barga. Sirdi kuma a kai wa mai gyara.

Alhaji: Duk wannan surutun, da reza ɗaya na gama aikin. Yaro, miƙo.

Likita: Kada ka soma! Kada a tsaga, kada a matse. Akwai mai ɗan rami a tsakiya, tsutsar ƙuda ce a ciki take numfashi, in ta fashe a jiki fitina ce. Akwai kuma ƙarin fata wanda in ka taɓa shi da wuƙa sai ya dawo da 'yan'uwansa. Duk wanda ya ci gaba da girma ko ya fashe, yanka kaɗan za mu yi mu kai a duba.

Alhaji: To waɗannan fa?

Likita: A huta da hawa mako 3 tukuna. In ba su saɓe ba, akwai allurar rage kumburi da ake yi a cikin ƙululun. Wanda ya daɗe har ya zama dutse kuwa sai an fiɗe shi.

Alhaji: Allura! Yaro, kai ne shaida. Me na ce tun farko? Sai da ya ɓata mana awa guda ya dawo kan maganata.

Haka suke. A kira ka da gaggawa, ka yi bayani har maƙogwaro ya bushe, kalma ɗaya za a tsinta, ita ma wadda aka zo da ita daga gida.

Likita ya haɗa jakarsa. Alhaji ya raka shi har mota, yana tafiya a tattale, ya waiga ya ga yaro ya yi nisa, sannan ya rage murya.

Alhaji: Likita, shi wannan ƙululun na sirdi... yana fito wa mutum? Wani abokina ke tambaya.

Likita: Abokin naka yana iya zama a kujera?

Alhaji: Yau kwana 6 ke nan.