Cefane daban, girki daban: ra'ayina kan Calipari

Daren 21 ga Maris 2024, muna cikin azumi, ban runtsa ba sai bayan sahur. Ina kwance da waya a ƙirji, caji saura kaɗan, ina kallon Kentucky da Oakland a zagayen farko na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka. Wani yaron Oakland, Jack Gohlke, wanda ya taso daga ƙaramar kwaleji mai buga rukuni na biyu, ya yi ta cilla ƙwallo daga nesa tana faɗawa kwando kamar an ɗaura mata zare. Sau goma ya jefa ta maki uku. Aka tashi 80 da 76, Kentucky ta tattara komatsanta. Ko wata ba a yi ba kocin Kentucky, John Calipari, ya koma jami'ar Arkansas.

Tun daga ranar muke musu da wani abokina da muke buga ƙwallo tare da yamma. Shi a wurinsa Calipari ba shi da na biyu, hujjarsa kuwa sunaye ce. Kuma gaskiya sunayen suna da nauyi: John Wall, Anthony Davis, Karl-Anthony Towns, Devin Booker, Jamal Murray, Bam Adebayo, Shai Gilgeous-Alexander. Duk ta hannunsa suka bi kafin NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Ban musa ba. A shiga gidan iyayen yaro ɗan shekara 17, a zauna a falo a shawo kan uwarsa, alhali manyan jami'o'i irin Duke da Kansas na bakin ƙofa suna jira, ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma ni abin da nake cewa, wannan cefane ne. Mutum ya shekara 15 a Kentucky, daga 2009 zuwa 2024, kusan kullum kwandonsa ya fi na kowa cika a kasuwa, kofi ɗaya tak ya ɗauko, na 2012. A 2015 ya ci wasa 38 a jere, Wisconsin ta tare shi a wasan kusa da na ƙarshe. A 2022 ga Oscar Tshiebwe ɗan Kwango a hannunsa, gwarzon ɗan wasan ƙasar na shekarar, amma Saint Peter's, makarantar da da yawanmu ba mu taɓa jin sunanta ba, ta fitar da su tun wasan farko. Idan an ba ka nama da kayan ƙamshi irin wannan, miyar ta fito salam, ai ba mahauci za a tuhuma ba.

Dubi Jay Wright lokacin da yake kocin jami'ar Villanova. Yaransa ba baƙin kwana ɗaya ba ne. Josh Hart shekara huɗu ya yi. Mikal Bridges shekararsa ta farko ma ko wasa ɗaya bai buga ba, horo kawai yake sha. Jalen Brunson ya yi uku. Kofi biyu Villanova ta ɗauka, 2016 da 2018, kuma duk ukun sun zama 'yan wasan da ake ji da su a NBA. Wannan shi ne abin da nake nema a wurin koci: yaya ka karɓi yaro, yaya ka sallame shi? Anthony Davis ko a hannun wa ya faɗa, na ɗaya za a zaɓe shi a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA. Brunson kuwa sai a zagaye na biyu aka ɗauke shi.

Abokina yana da magana ɗaya da ta kan sa in yi shiru. Gasar jami'o'in nan ta watan Maris ba ta da tausayi, wasa ɗaya ne, ka faɗi ka tafi gida. Daren da hannun abokin karawa ya yi zafi irin na Gohlke, ko wane ne kai sai ka ji a jikinka. Na yarda. Sau ɗaya tsautsayi ne. Sau biyu cikin shekara uku, a hannun ƙananan makarantu, da yara 'yan 18 suna kallon ƙattin 'yan 23 suna wuce su, wannan tsari ne ya gaza.

Kuma kasuwar ma ta canza. Tun Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasan jami'a karɓar kuɗin talla da sunansu, sauya makaranta kuma ya zama kamar sauya riga. Yanzu mai kuɗi ke cefane, daɗin baki ya rage daraja. Koci Dan Hurley ya ɗauki kofi biyu a jere da UConn, wato jami'ar Connecticut, 2023 da 2024, da haɗin tsofaffi da sabbi da waɗanda suka sauyo sheƙa. A na farkon, Adama Sanogo ɗan Mali ne gwarzon gasar, kuma da azumi a bakinsa ya yi ta. Shekara uku Hurley ya yi yana gina shi.

Na tura wa abokina wannan kafin in saka shi a nan. Amsar da ya ba ni hoton Calipari ne rungume da kofin 2012, ba ko kalma ɗaya.