Wanka da Kunu

Da hunturu ya shigo Kano, bayan gwiwoyina da lanƙwasar hannuwana suka bushe suka tsattsage. Susa ba dare ba rana, har a sahun Asuba maƙwabcina ya fara ja gefe, wai ko ƙazuwa ce.

Likitar fata ta duba ta ce kirci ne, ba a ɗauka, fatata ce ba ta riƙe ruwa. Ta hana ni ruwan zafi da sabulu mai ƙamshi. Ta ce in nemi mai marar turare, mai gilisarin da ke jawo danshi, ko mai yuriya kashi 5 cikin 100, amma ban da inda ya tsage don yana raɗaɗi. In bi da basilin ko man kaɗanya cikin minti 3 da gama wanka, tun jiki da lema. In ƙaiƙayi ya matsa, in niƙa Quaker Oats ya yi laushi lilis, in zuba a ruwan wanka mai ɗumi-ɗumi.

Kawu na jin yuriya ya miƙe. "Ɗana, kada ka ɓata kuɗinka, ina da ragowar rabin buhu na masarar bana." Da ƙyar na shawo kansa cewa na gona daban, na kwalba daban. Har yau gani yake an cuce ni.

Niƙan nan kuwa, da wace wuta? Babu lantarki, turmi kuma yaji aka daka a ciki. Na juye gwangwanin yadda yake a bokiti, na tafi neman tawul. Ina dawowa na tarar abu ya kumbura ya yi kauri, autana na tsugune a kai da ludayi, yayarsa ta tafi ɗauko sukari. Na kore su, na ce kuɗina ba zai tafi a banza ba, na shiga na shafe jiki da shi.

Magudanar banɗaki ta toshe. Na fito neman ruwan ɗauraye, gari maƙale a gemu da gashin ƙafa, akuyar gidan ta biyo ni tana lasar ƙwaurina, kaji na take mata baya.

Uwargida ta leƙo daga madafa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, in kawo madara ne, ko haka za a sha ka?"