Kafin ka zuba kuɗinka a wayar sifika

'Yan uwana matasa masu son kayan sauti, akwai gardamar da ta daɗe tana cinye mana kuɗi. Wannan ya sayo wayar sifika a kwali mai sheƙi, yana rantsuwa tun da ya saka ta sauti ya buɗe. Wancan ya yanko wayar wuta a shagon kayan lantarki, ya haɗa da hannunsa, yana kallon mai sayen ta kanti a matsayin wanda aka damfara. Kowannensu yana da gyara, sai dai na farkon ya fi asara.

Aikin wayar sifika ɗaya ne, ta kai wuta daga amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, zuwa sifika ba tare da ta cinye wani kaso mai yawa a hanya ba. Abin da ke cinye wutar shi ne turjiyar wayar, wadda ake aunawa da om, kuma irin ƙarfen, da kaurinsa, da tsawonsa ne ke ƙayyade ta. Kamar tiyon ban ruwa ne, idan ya yi siriri kuma ya yi tsawo ruwan zai iso a gajiye. Sifikun gida yawanci om 8 ne, ko 6, ko 4. Ƙa'idar da Roger Russell, tsohon injiniyan kamfanin McIntosh, ya yaɗa ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta sifikar. Ke nan sifika mai om 8 iyakarta om 0.4.

To mu yi lissafi. Wayar jan ƙarfe mai lambar kauri 1.5, irin wadda ake wayarin fitilun gida da ita, turjiyarta kusan om 0.012 ce a kowace mita. Idan tsakanin amfilifaya da sifika mita 5 ne, wuta za ta je ta dawo, mita 10 ke nan, om 0.12. Ko rabin iyakar ba ta kai ba. Idan sifikarka om 4 ce kuma nisan ya kai mita 10, sai ka hau zuwa 2.5. Shi ke nan fa, babu wani asiri bayan wannan a falon gida.

Kasuwar waya mai tsada ta bunƙasa ne a Amurka bayan Noel Lee ya kafa kamfanin Monster Cable a 1979, daga nan wasu suka shigo, farashi ya yi ta hawa. A 2007 James Randi, mutumin da ya shahara wajen tona asirin masu da'awar abin al'ajabi, ya sa ladan dala miliyan 1 ga wanda zai iya bambance wata waya ta kamfanin Pear mai dala 7,250 da wata da ba ta kai ta tsada ba, da kunne kaɗai, ba tare da ya ga wadda aka saka ba. An yi ta ja-in-ja a kan sharuɗɗa, ba a yi gwajin ba, ba wanda ya karɓi kuɗin.

Za a ce maka wayar azurfa ce. Gaskiya ne azurfa ta fi jan ƙarfe sauƙin wuce da wuta, amma da kusan kashi 6 cikin 100 kawai, ratar da ƙarin kauri kaɗan zai cike. Za a ce kanta ruwan zinare ne. Amfanin zinare shi ne ba ya tsatsa, jan ƙarfe ma ya fi shi wuce da wuta. Ban ce wayar kanti ba ta da amfani ba. Tana da laushi, robarta tana da ƙwari, kawunanta suna kama wuri da kyau. Idan don waɗannan ka biya, kuma aljihunka ya ɗauka, babu laifi. Kada dai ka ci bashi don sautin da kunnenka ba zai ji ba.

Ku kuma masu haɗawa da hannu, araha ba ta ado, kuma a nan ne tarkon yake. Wayoyi da yawa a kasuwa alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, kuma alminiyon kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi yake ɗauka. Ga saurin karyewa a wurin ɗauri. Kankare silin da reza, idan cikinsa fari ne kada ka saye ta. Kusanta maganaɗisu, idan ya kama to baƙin ƙarfe ne a ciki. Ka kuma duba kaurin silin kansa, don wasu robar suke kumburawa.

Wurin haɗi ya fi ɓata sauti fiye da wayar kanta. Sili ɗaya da ya zame ya taɓa ɗan uwansa zai iya ƙona maka amfilifaya, don haka ka murɗe bakin wayar sosai, kuma ka kashe na'ura kafin ka taɓa. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi. Idan ka juya a sifika ɗaya, su biyun za su riƙa soke wa juna amon ƙasa, ka ji dukan ganga ya ɓace, ka zauna kana zargin waya. Masu kitsa wayoyin intanet da yawa su mayar da su wayar sifika kuwa, su sani irin wannan kitso yana tara caji a jikinsa, wasu amfilifayoyin ba sa jure shi, sai su ɗau zafi.

Idan gardama ta ƙi ƙarewa, ku gwada. Ka juya baya, abokinka ya riƙa canza wayoyin ba tare da ya faɗa maka wadda ya saka ba, yana dai rubuta ta a takarda, waƙa ɗaya, kuma kada a taɓa maɓallin ƙara, domin ko ɗan ƙarin ƙara kaɗan kunne yakan ɗauke shi a matsayin ƙarin daɗi. Ku maimaita sau goma, ka rubuta abin da ka zata a kowane zagaye, sannan a buɗe takardar abokin naka.