Dogon hutu ya zo, a bar yara su numfasa

Assalamu alaikum iyaye maza da iyaye mata.

Tun kafin a raba sakamakon zango na uku, wasu gidajen sun riga sun biya kuɗin lesin na hutu. Ku dubi ranar yaro ɗan shekara tara a Kano ko Kaduna: ya tashi da asuba, ƙarfe bakwai yana hanyar boko, ya dawo da azahar ya ci abinci a gurguje, ya sauya kaya sai Islamiyya, bayan magariba ga aikin gida, Asabar da Lahadi kuma hadda. Niyyar iyaye kyakkyawa ce, Allah Ya saka musu. Amma jikin nan da zuciyar nan amana ne, kuma suna gajiya.

Malamanmu na tsangaya, waɗanda suka yaye mahaddata ba adadi, suna ajiye allo ranar Alhamis da Juma'a. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dakushe basirarsa, har ya shiga neman dabarar tsere wa karatun gaba ɗaya. Yara nawa muka gani sun sauke da wuri, suna girma suka daina buɗe Alƙur'ani?

Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma. Wata rana ya aike shi, sai Anas ya tarar da yara suna wasa a kasuwa, ya tsaya wurinsu. Can sai ya ji an riƙe ƙeyarsa, ya waiga, ga Manzon Allah yana dariya yana tambayarsa ko ya je inda aka aike shi. Muslim ne ya ruwaito. Ba duka, ba tsawa. Haka kuma yakan tsaya ya tambayi ƙanen Anas, Abu Umair, labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da yaro zai zo ya ce, “Umma, na gaji da zama, ba abin yi.” Nan take sai a miƙa masa waya don a samu lafiya. Don Allah, Umma, ki yi haƙuri da ƙorafin nan na ɗan lokaci. Zai yi mita, zai zagaya tsakar gida, sannan ki gan shi ya tattaro kara da gwangwanin madara yana haɗa mota, ƙanwarsa tana tuwon ƙasa, ko sun kira 'ya'yan maƙwabta ana langa da carafke. A nan ne suke koyon raba gardama da kansu, da haƙuri idan an cinye su, da ƙirƙiro abu daga abin da aka yar. Babu malamin lesin da zai koyar da wannan.

Allah Ya ce a dubi raƙumi yadda aka halicce shi, da sama yadda aka ɗaukaka ta. Yaron da bai taɓa zama shiru yana kallon hadari na haɗuwa ko tururuwa na jan hatsi ba, yaushe zai yi wannan duban? Annabawa duk sun yi kiwon tumaki, kuma makiyayi yana wuni ne shi da tunaninsa. Zuciyar da ta saba kullum sai an cika ta da sauti da hoto, natsuwa a cikin salla za ta yi mata wuya.

Ba cewa nake a saki yara a titi ba. Salla tana nan a kan lokacinta, a yi tilawa kaɗan da safe don kada hadda ta zube, a san da wa suke wasa, a kuma tsare su daga kududdufi da rafi, domin damina ce. Bayan wannan, a bar musu yammacinsu. Wanda yake da hali ya kai su ƙauye wurin kakanni, su bi su gona, su ji tatsuniya da dare.

Allah Ya raya mana su bisa tafarkin Manzonsa, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu. Amin.