Numfashi 20: Lambar da Aka Fi Yi wa Ƙarya a Fayil ɗin Mara Lafiya

Akwai wani hali da nake da shi idan na karɓi aikin jinya a asibiti, kuma na san wasu abokan aikina ba sa ƙaunarsa. Kafin na taɓa komai, sai na ɗauki takardun awo na bi layin numfashi da yatsa, gado bayan gado. In na ga 20, 20, 18, 20, 20, tun daga dattijon da huhunsa ya cika da majina har saurayin da aka yi wa tiyata jiya, to na san ba a ƙirga ba. Rubutawa aka yi. Ba da ɗaga kai nake faɗa ba, don ni ma na aikata a shekarata ta farko, ƙarfe uku na dare, ƙafafu na zugi, ga sauran gadaje na jira. Allah Ya yafe mana.

Dalilin da ya sa numfashi ne ake cuta a fili yake. Awon jini, wato na hawansa ko saukarsa, na'ura ce ke bayarwa. Zafin jiki haka. Iskar oksijin da bugun zuciya kuwa, ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya gama maka. Numfashi kaɗai ne yake buƙatar ka tsaya cik, ka zuba wa ƙirjin mutum ido na tsawon minti guda. Kuma abin takaicin, shi ne yakan riga saura kawo labari.

Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan ƙwayar cuta ta bazu a jini, ko jini yana zuba a ciki ba a gani, ko suga ya hau har jini ya fara tsami, jiki ba ya faɗuwa nan take. Sai ya fara kokawa. Ya tsuke jijiyoyi, ya sa zuciya sauri, ya ƙara numfashi don ya fitar da gurɓatacciyar iska. Da wannan dabarar yake riƙe awon jini daidai na tsawon sa'o'i, musamman ga matashi mai ƙarfi. Wanda ya zauna jiran jini ya sauka kafin ya ɗaga waya, ya jira har jikin ya gaji da kokawa ke nan. Za ka iya ganin oksijin 97 a yatsa, mutumin kuma yana jan numfashi sau 28. Lambar yatsan ta yi kyau ne saboda wahalar da yake sha. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi ban tsoro don shiru yake zuwa. An ba mutum mofin, maganin kashe zafin ciwo mai iya rage numfashi, bayan tiyata, ciwo ya lafa, 'yan uwa suna ta godiya wai yau ya samu barci. Ka tsaya ka ƙirga, sai ka samu takwas a minti. Wannan ba barcin hutu ba ne.

(Ƙannena ɗalibai, ga dabara: kada ku ce wa mutum za ku ƙirga numfashinsa, nan da nan zai sauya shi. Ku bar yatsunku a wuyan hannunsa kamar har yanzu bugun jijiya kuke ji, idonku na kan ƙirji.)

A Ingila, ƙungiyar manyan likitoci ta fitar da wani tsari a 2012, ta sabunta shi a 2017 da sunan NEWS2. Ana ba kowane awo maki: numfashi, oksijin, awon jini, bugun zuciya, zafin jiki da hayyacin mutum. Numfashi 25 zuwa sama maki uku ne shi kaɗai, takwas zuwa ƙasa ma haka. Jimla ta kai biyar, a nemo likita cikin hanzari. Ta kai bakwai, lamari ne na gaggawa. Tsari ne mai kyau, ban musa ba. Amma abin da ka zuba masa shi zai dafa maka. Ka ba shi 20 na ƙarya, ya ba ka kwanciyar hankali ta ƙarya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yadda muka raba aikin jinya gida biyu a zukatanmu. Wai akwai ƙananan ayyuka, irin su wanka, juya mara lafiya, zubar da fitsari, awo, waɗanda ake tura wa ɗalibi ko sabon shiga. Sannan akwai babban aiki na yanke shawara, wanda ake yi a zaune gaban fayil. Ni ban yarda da wannan rabon ba. Shawarar da me za a yanke ta? A wurin goge jiki ake ganin jan nan na ƙugu wanda ko an danna ba ya washewa, farkon gyambon kwanciya ke nan. A wurin juyi ake lura ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumburi da ɗumi, a tuna da gudan jini. Mai zubar da ledar fitsari shi zai fara sanin ƙoda ta ja baya, in dai ya san lissafin: rabin mililita kan kowane kilo a awa, wato mai kilo 60 ya kamata ya kawo 30 a awa. Wanda ya zubar bai duba ba, hujja ya zubar. Florence Nightingale, uwar aikin jinya na zamani, tun a 1859 ta rubuta cewa darasi mafi muhimmanci da za a koya wa mai jinya shi ne abin da zai lura da shi da yadda zai lura. Na'urori sun zo bayanta bila adadin, maganar ba ta tsufa ba.

Wanke hannu ba zan daɗe a kansa ba, kowa ya haddace: daƙiƙa 20 zuwa 30 da man tsaftace hannu, 40 zuwa 60 da ruwa da sabulu. Abu ɗaya kawai, safar hannu ba ta maye gurbin wanki. Wanda ya zagaye gadaje huɗu da safa ɗaya kansa ya kare, marasa lafiyar kuma ya yi musu rabo.

Sai magani. Duk wanda ya shiga makarantar jinya zai rera maka ƙa'idojinsa biyar ko daga barci ka tashe shi: mutumin da ya dace, maganin da ya dace, adadi, hanya, lokaci. Rerawa daban, tsayawa daban. A ƙarshen 2017, a wani babban asibiti a Amurka, an aiki wata nas ta ba wata tsohuwa maganin kwantar da hankali mai suna Versed kafin a ɗauke ta hoto. Ta buga haruffa biyu na farko a akwatin magani na kwamfuta, bai fito ba, ta tsallake shingen na'urar, ta ɗauko vecuronium, maganin da ke sandarar da tsokoki har da na numfashi. Gari ne da sai an haɗa da ruwa, alhali wanda aka rubuta ruwa ne tun asali. Akwai gargaɗi a murfin kwalbar. Tsohuwar ta rasu. Ba jahila ba ce nas ɗin, hannunta ne ya riga hankalinta, kuma babu wani cikinmu da zai rantse hakan ba ta taɓa samunsa ba.

Irin waɗannan tarkunan sanannu ne. Harafin U (ma'aunin “unit”) da ake rubutawa bayan adadin insulin, allurar rage suga, ido ya karance shi sifiri, huɗu ta koma 40. A rubuta 1.0, ɗigon ya ɓace, ya zama 10. Sinadarin fotashiyam mai kauri a ɗura shi kai tsaye a jijiya ba a sirka ba, zuciya ta tsaya. Amma tambayar da na fi so ɗalibi ya riƙe ba ta cikin biyar ɗin nan: me ya sa wannan mutumin zai sha wannan maganin yanzu? An rubuta maganin hawan jini jiya da safe, yau jininsa ya sauka zuwa 85. An rubuta digoxin, maganin zuciya mai rage saurin bugunta, bugun zuciya ya yi ƙasa da 60. Lokacin insulin ya yi, mutumin tun safe amai yake bai sa komai a ciki ba. Takarda ta ce a ba shi. Jikin da ke gabanka ya ce a dakata a tambaya. “Ai likita ne ya rubuta” ba ta taɓa dawo da kowa ba, kuma hannun nas shi ne na ƙarshe kafin magani ya shiga jiki.

To ka gani, ka gane, saura faɗa. Nan ne da yawanmu ke sarewa. Ka kira ka ce, “Likita, jikin mai gado na shida ya ɗan canza,” sai ya ce yana zuwa, kuma ba laifinsa ba ne in ya fara da wani wurin. Gwada haka: “Likita, mai gado na shida, kwana biyu da tiyatar hanji. Da yamma numfashinsa 18, yanzu 27. Bugun zuciya 118, zafin jiki 38.6, fitsari mililita 40 cikin awa huɗu, kuma ya fara surutai. Ina zargin cuta ta shiga jini. Ina so ka zo yanzu.” Ba rashin kunya a ciki, ba kuma kame-kame. Amma ka lura, duk ƙarfin maganar daga lambobin gaskiya ya fito. Wanda ya rubuta 20 da yamma ba tare da ƙirgawa ba, ba shi da abin da zai kwatanta da shi da dare.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya. Mutum ɗaya a kan gadaje masu yawa, ina zai samu minti guda na kowa? Binciken masaniyar aikin jinya Linda Aiken da abokan aikinta na 2002 ya nuna cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara yiwuwar mutuwa bayan tiyata da kusan kashi 7 cikin 100. Wannan nauyin masu ɗaukar ma'aikata ne, kada a ɗora wa wadda ta kwana a tsaye. Kuma nas ɗin nan ta Amurka da kanta ta faɗi kuskurenta, amma a 2022 kotu ta same ta da laifi, abin da ya sa masu jinya da dama suka fara tunanin ko shiru ya fi. Wurin da ake farautar mai kuskure, kuskure ɓuya yake yi, ba raguwa ba. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cike gurbi da ƙarya. In ba ka samu ƙirgawa ba, bar wurin fayau, ka faɗa wa mai karɓar aiki. Gurbin da ba komai yana sa a je a duba. Lambar ƙarya kuwa hana dubawa take yi.

Akwai wani awon da ba shi da layi a takarda, wato maganar mai zaman jinya. A 2021 wata yarinya 'yar shekara 13, Martha Mills, ta rasu a Landan bayan cuta ta shiga jininta, iyayenta suna ta faɗin jikinta na rikicewa ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba. Daga 2024 asibitocin Ingila suka fara aiki da tsarin da aka sa wa sunanta, wanda ya ba iyali damar kiran wata tawagar daban ta zo ta duba.

Ni ma wata baiwar Allah mai zaman jinya ta taɓa tare ni a tsakar dare, ta riƙe min hannu. “Sista, don Allah zo ki duba shi. Ba haka yake ba.” Na leƙa takarda, komai lafiya, numfashi 20. Na kusa ce mata ta kwantar da hankalinta, barci yake. Sai na ajiye takardar, na kama wuyan hannunsa, na dubi agogo. Na samu 31.