La'adar gwanjo fa?

Wani rahoto ya kawo farashin da aka sallama wasu tsofaffin tsabar kuɗi na tarihi a gwanjo, amma bai ambaci la'adar kamfanin gwanjo ba. Yawanci kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ce, mai saye ke biya, ban da kuɗin aikowa. Ka lissafa kafin ka taya.

Duba nauyi kuma. Tetradrachm, tsohuwar tsabar azurfa ta birnin Atina na Girka, kusan giram 17.2 ce, in ta gaza 16 alhali ba ta goge ba, akwai lauje cikin naɗi. Nemi hoton gefenta: siririn layi da ya zagaye shi alamar zubi ce, na asali da guduma aka buga su. Ta tagulla mai koren gari-gari kuwa ruɓewa take, ƙyale ta. Shaidar mallaka tun kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba tana rage rigima da kwastam.